Masussukar Matan Gabas

Akwai maganar da na faɗa a gaban hakimi wadda har yau nake so a ce ban faɗe ta ba. Cewa na yi kowa ya yarda, alhali rabin mutanen ban tambaye su ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba En'e, wato hukumar gargajiya, ta aiko cewa za a gyara filin da ke tsakiyar unguwarmu a Tambuwal, a dasa dogon yaro, ya zama dandalin hutawa. Mai unguwa ya zaɓi mu biyu mu zama wakilai, mu bi gida-gida mu bayyana aikin, mu kawo abin da mutane suka ce. Ni an ɗauke ni ne don na yi yaƙi da jahilci, ina karanta boko. Ta biyun wata tsohuwar ungozoma ce, mutuniyar Kebbe da aure ya kawo ta garinmu. Aka ba ni gidajen gabas, ita na yamma.

Kwana biyu na gama. Nakan tsaya a zaure in yi sallama, maigida ya fito, in karanta masa takarda, ya ce Allah ya sa alheri, in wuce. Ita kuwa mako guda ba ta ƙare ba. Har madafi take shiga, ta zauna ta taya ɓarar gyaɗa, ta tambayi lafiyar yaran da ta yanke wa cibi, sannan ta kawo zancen fili. Na riƙa yi mata tsiya, ina cewa ko dai furar gidaje Inna take bi.

"Ɗan nan, kai faɗi kaka yi, ni saurare nika yi," in ji ta.

Ranar da muka je gaban hakimi na riga ta magana, na ce a gabas kowa ya yarda. Da aka zo kanta, ta ce matan yamma sun roƙi a bar musu gefensu, domin nan suke sussuka. Ƙasar wurin tauri gare ta kamar daɓe, iska kuma tana ratsawa, sheƙa ba ta wuya. In itatuwan suka girma za su tare iskar, ganyensu mai ɗaci ya riƙa zuba cikin gero. Hakimi ya tambaya ko matan gabas ma haka suka ce. Ta san ban shiga ko gida ɗaya ba, amma ba ta tona ni ba. Ta dube ni ta ce, "Gabas tashi ce, ranka ya daɗe, shi za ya faɗi."

Ƙofa ta buɗe mini in gyara. Kunya ta hana ni, na sake cewa kowa ya yarda.

Aka bar yamma, aka tona ramuka a gabas aka dasa. Da kaka ta zo, gefen da ya rage bai ishi matan unguwa ba. Ungozomar ce ta raba musu kwanaki, ta shawo kan na yamma suka karɓi na gabas. Duk da haka wasu sai bayan gari suke kai dammansu a ka. Mahaifiyata tana cikinsu. A gida ɗaya muke, ita ma ban tambaye ta ba, kuma har ta rasu ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Tsohuwar nan kuwa da tulunta ta riƙa ba itatuwan ruwa duk rani, tana cewa tun da an dasa su kada su mutu a banza.

Yanzu a inuwarsu nake wuni. In aka aike ku jin ta bakin jama'a, don Allah kada ku tsaya a zaure kamar yadda na yi.