Dutsen goge kaushi daga mahaƙar Fir'auna

Wata rana wata baiwar Allah mai suna Suwaiba ta raka surukarta Inna zuwa Masar aikin ido. Da aka samu sauƙi, mijinta ya ce ta kai Inna Aswan ta ga gari, shi aiki ya riƙe shi a Alƙahira.

Aka kai su tsohuwar mahaƙar da mutanen Fir'auna ke sassaƙo duwatsu. Ga wani dogon ginshiƙi kwance, ya tsage tun ba a gama shi ba.

Jagoran da ke zagayawa da su ya yi gargaɗi da Turanci: ko tsakuwa mutum ya ɗauka, sai ya tsinci kansa hannun 'yan sanda.

Inna ba ta jin Turanci.

Can Suwaiba ta hango ta ta duƙa, ta zaɓi wani ɗan jan dutse mai kaushi, ta murza shi a tafin hannu, ta jefa a jaka.



Tun da aka kawo Suwaiba gidan miji ba ta taɓa haɗa ido da Inna ba, balle ta ce mata ajiye. Ta kira mijinta, wayar ba ta shiga.

Suka doshi ƙofar fita. Wani jami'i ya tsayar da wani Bature yana leƙa jakarsa. Layi sai matsowa yake.

Suwaiba ta sunkuyar da kai.

"Inna, ku gafarce ni. Dutsen da ke jakarku, an ce kama mutum ake yi a kansa."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ɗazu."

"Kika bar ni ina yawo da kayan Fir'auna? Ke 'yar nan, kunyar da za ta kai ni caji ofis, riƙe abarki!"

Inna ta koma gefe ta zazzage jakar. Duwatsu biyu suka faɗo.

"Ɗayan ma naki ne. Na ga kaushin dugaduganki."

Jami'in ya duba jakar, ya ba su hanya. Suka wuce mota.

Darasi: Kunya ado ce, amma in ka ga babba zai taka wuta, shirunka ba ladabi ba ne. Rage murya, ka faɗa masa.

In akwai wadda kunya ke ɗaure wa harshe a cikin naku, ku tura mata wannan.