Rabin Ƙwaya

A kantin magani wata dattijuwa tana tsaye gabana, tsaf-tsaf, da farin takalmin da ya gaji da wanki. Agogon da ta maƙala a ƙirji ya sa nake zaton tsohuwar nas ce.

"Mama, an yi muku ƙarin fanshon kuwa?" in ji mai kantin.

"Suna ta zama, ɗana. Hawan jini kuwa ba ya jiran kwamiti. Ba ni na sati biyu, zai kai ni wata."

Ta ɗan juya mana baya, tana raba ƙwaya biyu da farce, hannunta ko rawa ba ya yi. Majinyata nawa ta taɓa yi wa faɗa a kan haka? Rabi ta haɗiye ba ruwa. Rabin tana naɗe shi a takarda, na gobe ne.