Malam Bawa da Bukukuwan Zanzibar

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci na Malam Bawa a Jega ya san Zanzibar, ko da bai taɓa wuce Maiyama ba. Shekara biyu kacal aka tura shi koyarwa can, ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana ba mu labari. Ko tari ka yi sai ya ce, "Can Zanzibar ba haka yara ka tari ba." Mu kuwa yaran nasa, ƙaraminmu ya aurar da 'ya.

Dokarsa ɗaya ce: ba mai karɓar takardar shaida sai ya tsaya gaban jama'a ranar bikin ƙarshen shekara ya karanta shafi guda. Ni Sani mai albasa, nan na maƙale. A aji ina iyawa. Da na ga idanun mutane, sai haruffa su watse kamar kaji. Abokan ajina suka yi ta wucewa, ni kuma kowace shekara Malam ya miƙa mini kyautar ɗalibi mafi haƙuri: sabulu sanda ɗaya, a raba da na biyu.

Ba na manta yawon shaƙatawa. Wai can Zanzibar ana kai yara bakin teku su huta, don haka ya kwashe mu a motar Ɗanladi direba zuwa fadamar Katanga, ya shimfiɗa tabarmi ya ce mu zauna mu kalli ruwa. Muka zauna. Can sai Mamman mahauci ya ce, "Malam, yanzu mi za mu yi?"

"Ku shaƙata."

"To, ƙaƙa aka yin ta?"

"Ka yi shiru, tana zuwa."

Ba ta zo ba. Kafin azahar rabinmu sun shiga gonar wani bawan Allah suna cire masa ciyawa. Mai gonar ya iso ya yi ta godiya. Malam ya ce a tarihin koyarwarsa bai taɓa ganin ɗaliban da suka faɗi jarrabawar hutu ba sai mu.

Sai ranar wasanni. Ya ce dole a yi tseren buhu. Ya aro buhunan albasa wurin wani ɗan kasuwa a Aliero, da alkawarin zai mayar da su lafiya. Muka jeru, dattawa da furfura, kowa cikin buhu har ƙugu, 'ya'yanmu na kan katanga suna dariya. Ya ɗaga usur, sai ya sauke.

"Ku yi tsalle a hankali. Wanda duk ya huda buhu, shi ya zo na ƙarshe."

Mamman ya ce, "Malam, in haka ne ni na tsaya nan, na ci."

Malam ya yi nazari, ya ba shi na ɗaya.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, muka ce a ɗage biki. Ya aiko cewa makaranta ba ta ɗage biki don malami, a kawo masa shi gida. Muka cika zauren, har da maƙwabta da surukina. Aka jingina shi da matashi. Ya dube ni ya ce, "Sani, sabulu ya yi tsada. Bana ba ni da na ba ka. Tashi."

Na tashi. Na ƙi kallon kowa sai shi. Na fara, na yi tuntuɓe, na ci gaba. Tsakiyar shafi na ga ya rufe ido, ya yi tsit. Gabana ya faɗi, na yi sauri na kai ƙarshe.

Bai buɗe ido ba ya ce, "Ka tsallake layi ɗaya. Koma."

Na koma, na karanta shi har da wanda ke ƙasansa. Ya sa hannu a takardar shaidata yana jingine, ya ce a tafa mini, amma ba da yawa ba.

Bai ga cirar albasar shekarar ba. Wannan da kuke karantawa da hannuna na rubuta shi, a hankali. Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba shi hutun da ya kasa koya mana. Amin.