Komin da Na Yi wa Shinge

Gara in faɗa da bakina tun kafin mutanen Gawon Nama su ƙara gishiri: wawan wannan labari ni ne. Kuma ba don rashin ilimi ba, domin na yi aji huɗu na firamare, biyu daga ciki ma har da zuwa kullum.

Muna da 'yar fadama a bakin gulbin Rima, gadon mahaifinmu, ni da yayata. Ni ke noma albasa, ita ke zuwa ta ga abin da na yi ba daidai ba. Shekarar da gulbi ya yi ambaliya, da ruwa ya janye na tafi duba wuri, sai ga wani baƙin icce fafaffe ya leƙo daga cikin laka a tsakiyar gonar, tsawonsa ya kai gaba biyu.

Da na yi shiru da an zauna lafiya. Amma na ba maƙwabcina labari, wani tsohon malamin makaranta ɗan Filato, mutumin kirki, sai dai karatu ya yi masa yawa. Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, kada ka taɓa shi! A ƙasashen Turai rubabbun jiragen da aka yasar cikin laka a bakin teku, lamba ake ba su, masana su zo su auna. Kayan tarihi ne."

A nan kaina ya kumbura. Ni da ko a ɗaurin aure sai an gama rabon goro ake tunawa da ni, ga ni da tarihi kwance a gona.

Amma ni mai bincike ne. Na je na ɗauko wani tsohon masunci, na nuna masa, na ce, "Baba, mi ka gani?" Ya ƙwanƙwasa da sanda ya ce, "Komi na." Ya juya ya tafi abinsa. To, komi a bakin Bahaushe abu uku ne: akwai komin da ake shiga a ƙetare ruwa, akwai komin da ake dasa albasa, akwai komin da ake zuba wa dabbobi dusa. Mutumin masunci ne, sai na zaɓar masa ma'anar da ta dace da sana'arsa, kuma ta dace da ni.

Na sari ƙaya na yi shinge, na kewaye kusan rabin gona, don maƙwabcina ya ce inda aka sami ɗaya akwai wasu a ƙasa. Lokacin dashe ya yi, irin albasa ya isa har ya fara wuce wuri, maƙwabtan gona kowa ya dasa nasa. Yayata ta aiko sau uku tana tambaya. Na ce a gaya mata albasa kowace shekara ana yi, tarihi kuwa sau ɗaya yake fitowa. A majalisa har na fara cewa da wannan jirgi kakanninmu suka ƙetare gulbi. Wanda ya tambayi wace shekara, in ce masa ya jira masana.

Masana suka zo, wato mace ɗaya daga jami'a, wadda maƙwabcina ya taɓa koyarwa. Na sa babbar riga na shiga laka da ita. Jama'a sun taru, har da yayata, ta ɗauko mai babur tun daga Gidan Dare, ta tsaya a kan kunya tana riƙe da takalmanta.

Malamar ta auna, ta ɗauki hoto. Can ta ce, "Baba, ban ga goshin jirgi ba, duka ɓangarorin a dakushe suke. Kuma wannan hujin na ƙasa fa?"

Na gyara murya na ce, "Ɗiyata, wannan aikin dorina ne. Haƙori ɗaya ta sa."

Sai na ji yayata daga baya: "Dorina ta ci gidanku! Matsa in gani."

Ta tattare zane ta shigo. Ta duba hujin, ta shafa gefen iccen inda ya lotse wuri uku. Ta ce, "Wanga ai komin jakkan Babanmu na. Shi ya huda shi da kainai don ruwan dusa shi tsiyaye. Ga inda wuyansu ya cinye. Shekarar babban ruwa ya ɓace, kana goye ka sha kuka, ba ka san komi ba."

Jama'a suka fashe. Masuncin nan yana cikinsu, na ce, "Baba, ba kai ka ce komi ba?" Ya ce, "To mi na?"

Na waiwaya na ga gonakin mutane kore shar, tawa kuwa ƙaya da laka, ga iri ya tsufa. Duk da haka ban yarda na faɗi a banza ba. Na daidaita hula na ce, "To, ko na jakkai ne, ai ya daɗe. Malama, wannan ma ba tarihi ba ne?"

Malamar ta buɗe baki za ta taimake ni, yayata ta riga ta.

"Tarihi na kam, ƙanena. Jakkai ukku sunka ci cikinai zamanin Baba, ga na huɗu ya zo ya yi mai shinge."