Gwiwar Maidaji

Duk wanda ke aika kaya Kano ta Baiyun, unguwar 'yan kasuwa can ƙasar waje, ya san Maidaji mai ɗaurin kwali. Idan ya ja igiya, kwali sai ya yi kuka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ɗan mahauta ne daga Fagge, kuma tun yana saurayi yake dambe, daga Kano har Maraɗi, gwiwarsa ba ta taɓa taɓa ƙasa ba. Gida bai gina ba, mota bai saya ba. Wannan gwiwar ita ce dukiyarsa.

Takardun zamansa na dab da ƙarewa, sai Hajiya Humu, tafinta 'yar Kumasi, ta samo masa hanya. Wani kamfanin wasan kwamfuta na neman ƙato da za a ɗauki hoton motsinsa a sa cikin wasan, kuma za su yi masa takardar aiki. Aka cusa shi cikin wata matsattsiyar riga mai ɗigo-ɗigo, kai ka ce zabo.

Laoban, wato maigidan wurin, ya yi bayanin labarin wasan, Hajiya na fassarawa. Wai mutanen da, can arewacin Turai, sun ce jarumin da ya mutu a fagen yaƙi, wasu 'yan mata ne a kan dawaki ke ɗauke shi zuwa wani zaure, Balhalla. A can kullum a yi yaƙi, a kashe juna, da yamma a tashi a ci naman gursunu da giya.

"A'uzubillahi! Wannan ce aljannarsu?" in ji Maidaji. "To, ni me zan yi?"

"Malam Maidaji, faɗuwa kawai. In an kawo maka sara, ka zube," in ji Hajiya.

Ransa ya ɓaci har kunnuwansa suka ɗau zafi. "Hajiya, tambaye shi. Wanda ya kwanta da gangan, 'yan matan nan suna ɗaukar sa?"

Laoban ya yi dariya ya ce meiyo, babu.

"To, ko arna ba su karɓi faɗuwar ƙarya ba, sai ni? In yana son in faɗi, ya kawo wanda zai kayar da ni."

Hajiya ta roƙe shi da girman Allah ya tuna takardunsa. Ko gezau! Aka kira wani ɗan wasansu, siriri kamar sillen kara, amma gwanin shuri. Maidaji ya miƙa hagu, ya ɗana dama. Sau biyu yana kai naushi mutumin na zillewa. Shekaru ba ƙarya ba ne, numfashi ya fara gaza masa. Sai ji ya yi an share ƙafarsa, tim!

Wallahi ya ji ciwon abin har cikin ransa, hawaye suka cika masa ido. Amma ya miƙe da kansa, ya kama hannun mutumin ya ɗaga sama, yadda ake yi wa wanda ya yi nasara.

Laoban na ta tafi. Hajiya ta fassara, muryarta ƙasa-ƙasa: "Ya ce ya yi kyau. Ka sake faɗuwa, za su ɗauka ta ɗaya gefen. In ka ƙi, babu takarda."

Maidaji ya tuɓe rigar zabon, ya ninke ta, ya ajiye a gaban laoban.

"Gaya masa wancan ya kayar da ni, na yarda. Shi kuwa bai isa ba. Hajiya, nawa ne jirgin Kano?"