Ɓawon Rumman daga Gidan da Ba Kowa

Mun tashi da asuba daga Gagarawa Tasha, ni da ƙanena, muka bar Baba kwance. Gudawa ta ƙi tsayawa, mutumin da ba ya raga wa tuwo ya koma kurɓar koko. Wata nas 'yar Filato da ke aiki a Gumel ta ce kafson da muka yi ta ɗirka masa ya kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗa har da masu amfani da ke zaune a hanji. Ta ce mu dage da ruwan gishiri da sukari. Baba kuwa ya kafe sai an dafa masa ɓawon rumman yadda mahaifiyarsa ke yi. Nas ɗin ta ce ba laifi, kada dai a cika masa kauri. Shi muka fita nema a kasuwar Maigatari.

Ana wahalar mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, fijon da muka shiga kuma sai da turi ta tashi. A Gumel ƙanena ya zauna wa ƙosai kamar ba ɗan majinyaci ba.

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika maƙil, ga raƙuma ga shanu, ana ciniki da naira da sefa. Buzun da ke kawo ɓawon daga Nijar ya ce mutanen wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar sun kwashe shi kaf kwanakin baya. Ya kwatanta mana hanya, amma ya ƙi haɗa ido da ni.

Direban a-kori-kura ya sauke mu a bakin hanya, ya ce shi iyakarsa nan. Muka taka cikin yashi, rana tsaka. Gero ya nuna, ba mai girbi. Ba ƙarar daka, ba kukan jariri, rijiya ma an rufe bakinta da ƙaya. A kowace ƙofa an zarge busasshen ɓawo a zare an rataye, iska na kaɗa shi yana ƙwas-ƙwas. Ƙanena ya matso kusa da ni.

Wani tsoho muka samu a gindin darbejiya. Ya ce amai da gudawa ne ya ratsa garin, waɗanda suka rage sun tafi wajen dangi. Na faɗa masa abin da ya kawo mu.

"Malam, inda ka ga zaren ya ragu, bar musu, za su dawo," in ji shi. "Inda ya cika, ku ɗiba. Ciwon bai bar su sun ɗora tukunya ba."

Na tsaya gaban wata ƙofa mai cikakken zare, takalman yara na ajiye a bakinta. Na yi sallama duk da na san ba mai amsawa, na kwance zaren.

Kafin magariba muna gida. Tafiyar ta koya mini cewa wannan ciwon ba ya jiran a dawo daga kasuwa, shi ya sa na fara haɗa ruwan gishiri da sukari kafin na wanke ɓawon na tafasa shi sosai. Baba ya sha, da safe cikin ya lafa, alhamdu lillahi. Ya juya ɓawon a tafin hannunsa ya ce wannan a inuwa aka shanya shi, aikin mace ne mai kula da iyalinta.

"In ka koma, ka yi mini godiya wajen matar gidan."

Na ce to, Baba.