Takobin Baba a Kan Sikeli

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Modu baduku, wanda mutanen Fagge suka sani da ɗinkin kuben takobi. Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta yabonsa, amma abin da ke cin raina ya sha gabana.

Kakansa ya zo Kano daga Barno ba shi da komai sai takobi guda. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Baba yakan zauna a zaure ya zare shi, ya goge da man gyaɗa, ya mayar. Ko kaza bai taɓa yankawa da shi ba. Yakan ce mana, "Wannan ba na faɗa ba ne. Shaida ce cewa ba daga sama muka faɗo ba."

Ranar da aka naɗa sarkin Ingila, ina kallo a talabijin tare da 'yata Falmata a gidana na Kwaciri. Aka fito da takubba ana riƙe da su tsaye a gaban sarki, ana lallaɓa su kamar ƙwai. Ɗaya ma ba shi da tsini, wai takobin jinƙai ne. Falmata, wadda ke jami'a, ta ce, "Umma, Turawa dai sun iya adana tarihi. Mu ba mu da irin wannan." Na tashi na shige kicin don kada ta ga fuskata.

Ai muna da shi. Shekara biyu bayan rasuwar Baba aka sayar da gidan, za a rushe a gina shagunan atamfa. Ranar kwashe kaya yayanmu Bukar ya tara tsofaffin ƙarafa, ya kira ɗan gwangwan daga Sabon Gari. Ina tsaye Yaya ya jefa takobin a kan ƙarafan. Mutumin ma sai da ya ce, "Alhaji, har da wannan?" Yaya ya ce, "Auna kawai, wa zai je yaƙi?" Ni kuwa hankalina yana kan rabon tasoshin Inna.

Baba ya sha kukan yadda Turawa suka kwashe kayan tarihin mutane. Da zai leƙo yau, me zai ce? Namu ba Bature ne ya ɗauka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su sun riƙe nasu har da mai karyayyen baki, mu muka ɗora lafiyayye a kan sikeli.

Cikinmu babu wanda ya gaji basillarsa. Abin da ya rage na Baba shi ne kuben da ya ɗinka wa mutane, kowanne yana rataye a ɗakunan waɗanda ba jininsa ba. Watan jiya na je gidan wani dattijo a Fagge na roƙa a nuna min ɗaya. Na jar fata ne, ɗinkin ko zare bai saki ba. Suka ba ni na riƙe, na shafa, na yi kukana. Da na gama, suka karɓi abinsu.